Kara Da Kayan Mutane



Kwanakin baya 'yar yayata ta faɗo gidana da gudu, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta hau ba ni labari. Ta ce, "Anti, albishirinki! An yi zaɓe a ƙungiyarmu ta makaranta, ni aka ba ma'aji." Na ce goro fari, na yi mata barka, har na ɗauko ɗan turare na ba ta. Amma wallahi tun da ta ambaci kalmar ma'aji gabana ya faɗi, domin ta taɓo mini wani tsohon miki da na yi shekaru ina lulluɓe shi. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Shi ya sa na ga ya dace in zauna mu yi wannan magana da ku, tunda kusan kowacce a cikinmu tana da 'ya, ko ƙanwa, ko 'yar riƙo da wata rana za a ɗora mata irin wannan kaya.

Tambayar da nake so mu duba ita ce, idan kara da amana suka yi karo a hannun yarinyar da aka ba muƙami, wacce za ta sa a gaba? Kada ki yi saurin cewa ai amsar a fili take. A baki kam a fili take. Ranar da aminiyarki ta tsaya a gabanki tana hawaye, ranar za ki san cewa maganar tana da nauyi.

Bari mu fara da su muƙaman kansu. Duk wadda ta yi sakandare ta san yadda abin yake. Akwai na makaranta, wato shugabar ɗalibai, da mai kula da abinci, da mai kula da shara da aikace-aikace, da kyaftin ɗin kowane ɗakin kwana, har zuwa monita ta cikin aji. Akwai kuma na ƙungiyoyi, irin su ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, Abdul-Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko. A can ne yawancinmu muka fara jin ana kiran yarinya 'yar shekara 16 Amira. Sunan kuwa ba na wasa ba ne, domin shi ne dai sunan da manyan mata ke riƙewa a ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, wadda marigayiya Hajiya A'isha Lemu ta zama Amirarta ta farko. A kusan kowace ƙungiya za ki tarar da shugaba da mataimakiyarta, da sakatariya mai rubuta abin da aka tattauna, da ma'aji mai ajiye kuɗi, da sakatariyar kuɗi mai rubuta shiga da fita, da mai yaɗa labarai, da mai kula da walwalar 'yan ƙungiya, wani wurin har da mai binciken kuɗi.

Ba wa yara ragamar 'yan'uwansu dabara ce da aka yi da gangan. Baturen nan Baden-Powell da ya ƙirƙiro Sikawut, a zangonsa na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yara kimanin 20 ya tara, ya kasa su gida 4, kowane kashi ya ɗora yaro ɗaya a kai. A 1910 aka buɗe ɓangaren 'yan mata ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes. Tunaninsa shi ne yaro ba ya koyon riƙon jama'a ta hanyar jin wa'azi kawai, sai an danƙa masa ya riƙe. Mu ma Hausawa mun san haka, tunda mun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai abin da ake mantawa shi ne, waɗanda ake koyon shugabancin a kansu mutane ne na gaske, masu zuciya da mutunci. Idan mai koyon ɗinki ta ɓata yadi, an yi asarar yadi. Idan mai koyon shugabanci ta yi kuskure, a jikin 'yar wani yake sauka.

To ga nawa labarin. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙungiyar ba, domin laifin nawa ne, ba nasu ba.

Ina aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata aka zaɓe ni ma'aji. Kowace 'yar ƙungiya tana biyan naira 20 a zango. Da kuɗin muke sayen butoci da tabarmi, mu yi walimar sallamar 'yan aji shida, sauran kuma a ajiye saboda ranar da wata za ta kwanta ciwo a rasa kuɗin motar kai ta gida. A cikin wani gwangwanin madara nake tara su, in tura can ƙasan akwatina, in sa kwaɗo. Dalilin da aka zaɓe ni, in ji su, ba ni da kwaɗayi kuma ba ni da hayaniya. Ni ma har ga Allah na ɗauka hakan ya isa.

Ina da aminiya tun daga aji ɗaya. Gadonmu ɗaya, ita a sama ni a ƙasa, kwanonmu ɗaya, garin kwakinmu ɗaya. Lokacin da na yi zazzaɓin da ya kusa kai ni, ita ta yi sati tana wanke mini kaya tana karɓo mini abinci. Wata rana bayan karatun dare ta ja ni bayan ɗaki tana kuka. Kuɗin da babanta ya ba ta ta cika na makaranta sun ɓace, ta duba ko'ina ba ta gani ba, kuma ni na san zafin babanta, domin na sha zuwa gidansu. Ta ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. Naira 1,500 ce kawai. Ranar ziyara Ummata za ta zo, wallahi a ranar zan mayar miki, ba wanda zai ji."

'Yar'uwa, ki sa kanki a matsayina. Kuɗin nan suna kwance a gwangwani ba abin da suke yi. Ita kuwa ga ta a gabana, mutumin da ta yi jinyata. Na ji a raina cewa in na hana ta na zama butulu. Na buɗe akwati na ƙirga na ba ta. Ban rubuta ba, ban kira sakatariyar kuɗi ba, ban faɗa wa shugaba ba, balle Malamar da ke kula da ƙungiyar. Na kwanta ina jin daɗi a raina cewa na yi abin kirki.

Ranar ziyara ta zo, Ummanta ba ta zo ba, wai an yi musu rasuwa. Kwana huɗu bayan haka wata yarinya 'yar aji biyu mai ciwon sikila ta tashi cikin dare tana ihu, gari na wayewa Malama ta aiko a kawo kuɗin ƙungiya a sa ta a mota. Sakatariyar kuɗi ta zo da littafinta, aka ƙirga a gaban Malama, aka ga babu 1,500. Malama ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke, ina sauran?" Aminiyata tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a kaina. Sai na ji bakina ya ce, "Malama, nima haka na gani. Ina jin an buɗe mini akwati ne."

Kalma goma sha biyu ce, amma ga abin da ta haifar. Akwai wata 'yar aji ɗaya da na ɗauka 'yar ɗakina, ita ke gyara mini gado, ita ke share kusurwarmu, wani lokaci nakan ba ta makulli ta ɗauko mini sabulu. Nan take kowa ya juya kanta. Aka zazzage akwatinta a tsakar ɗaki a gaban mutum sama da 40, aka watsa 'yan tsummokaranta, ba a sami komai ba sai naira 35 da ƙullin ƙuli-ƙuli. Duk da haka sunan ya bi ta. In ta wuce sai a ce a ɓoye kaya ga ɓera nan. Ba wadda ke yarda ta zauna kusa da jakarta. Ni kuwa na yi shiru, kullum ina ce wa kaina gobe zan faɗa, gobe zan faɗa. Aka tafi hutu, aka dawo, ba ta dawo ba, aka ce iyayenta sun canja mata makaranta. Aminiyata ta kawo kuɗin cif-cif a makon farko, na mayar cikin gwangwani, na ce wa Malama na same su a cikin wani tsohon littafi. Malama ta ce alhamdu lillahi, aka rufe maganar. Kuɗi sun dawo. Sunan yarinyar nan kuwa ba wanda ya tashi a taro ya wanke shi.

Yanzu bari mu auna abin da adalci, domin ba na so in yi kamar kara mugun abu ce. Kara tana cikin abubuwan da suka riƙe zaman Bahaushe. Ita ce ke sa uwa ta ba ɗan kishiya tsoka ta ba nata ƙashi. Ita ce ke sa ki bar wa baƙuwa gadonki ki kwana a tabarma. Gidan da babu kara, zama a cikinsa azaba ne. Haka rufin asiri, addininmu ya kwaɗaitar da shi ƙwarai, an kuma yi wa mai yin sa alƙawarin Allah zai rufa masa nasa. Saboda haka wata za ta iya ce mini, ai ke ba sata kika yi ba, taimako kika yi, niyyarki kuma mai kyau ce, tsautsayi ne kawai ya gifta. Ni ma da wannan na yi shekaru ina lallashin zuciyata.

Sai da na girma na gane inda maganar ta karkace. Duba misalan nan da na kawo. Uwar da ta ba ɗan kishiya tsoka, daga rabonta da na ɗanta ta cire. Wadda ta bar wa baƙuwa gado, bayanta ne zai yi ciwo da safe. Duk kara ta gaskiya, mai yin ta ne ke biyan kuɗinta. Ni fa? Me na rasa daren da na buɗe gwangwani? Ko sisi. Na sami godiya, na sami suna a wurin aminiyata, na kwanta da farin ciki. Waɗanda suka biya su ne 'yan ƙungiyar da ba a tambaye su ba, da yarinya mai sikila da aka yi ta neman cikon kuɗin motarta har rana ta take, da 'yar ɗakina da ta biya da mutuncinta. Ashe kyauta na yi da kayan mutane, na sa mata suna kara.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so kowace yarinya mai muƙami ta riƙe. Duk sanda zuciyarki ta ce ki yi wa wata sassauci, ki tsaya ki tambayi kanki, daga aljihun wa za a cire? In daga naki ne, bismilla, Allah Ya ba ki lada. In daga na jama'a ne, ba ki da wannan iko, ko da kuwa ke ce Amira.

Kuma kada a ɗauka sai ma'aji kawai abin ya shafa. Kowane muƙami yana da nasa gwangwanin. Mai kula da abinci da ta ƙara wa teburin ƙawayenta nama, daga kwanon 'yan aji ɗaya ta cire shi, tunda tukunyar ba ta ƙaru ba. Mai rubuta sunayen masu makara da ta tsallake sunan 'yar garinsu ta rubuta na wata, ta sa wata ta yi noman ciyawar mutum biyu. Sakatariyar da ta goge wata magana daga littafin taro don kada ran shugaba ya ɓaci, ta danne haƙƙin wadda ta yi maganar. Shugabar da aka ce ta kawo sunan mutum biyar da za su wakilci makaranta a musabaƙa ko kacici-kacici, ta cika da 'yan ɗakinsu, ta hana wata mai ƙoƙari damar da wataƙila ba za ta sake samu ba. Ba ɗaya a cikinsu da za ta kira kanta azzaluma. Kowacce za ta ce ai kunya na ji, ai ba zan iya kallon idonta in ce a'a ba.

Akwai wani labari a tarihin Musulunci da ya zauna daidai kan wannan magana, yana cikin Bukhari da Muslim. A lokacin buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata. Abin ya dami Ƙuraishawa, suka rasa wanda zai iya tunkarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da maganar a sassauta mata. Sai suka tura Usama ɗan Zaidu, saurayi ne ƙarami, kuma kowa ya san irin son da Annabi ke yi masa. Usama ya je ya yi maganar. Fuskar Annabi ta canja, ya tsawata masa, sannan ya tashi ya yi wa mutane huɗuba, ya nuna musu cewa abin da ya halaka al'ummun da suka gabata shi ne ƙyale mai gata in ya yi laifi da hukunta marar gata, har ya kawo misali da 'yarsa Fatima cewa ko ita ce ba za a ɗaga mata ƙafa ba. Ki lura, Usama ba don kansa ya je ba, ba a kuma ba shi ko dabino ba. Nauyin mutane ya ji, kamar yadda ni na ji. Da ya gane kuskurensa nan take ya roƙi Annabi ya nema masa gafara. Kuma wannan Usaman ne dai, a shekara ta 11 bayan hijira, Annabi ya ɗora a kan runduna guda, yana da shekaru da ba su wuce 20 ba, alhali a cikin rundunar akwai manyan sahabbai irin su Sayyidina Umar. Darasi biyu na ɗauka a nan. Na farko, ƙuruciya ba ta hana a ba mutum amana mai nauyi. Na biyu, wanda ya yi kuskuren kara ya gyara da wuri, bai lalace ba. Ni inda na faɗi shi ne ban gyara ba.

Haka labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka, ya dawo ya ware wasu kaya ya ce waɗannan kyauta aka yi masa. Annabi ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, ai da an ga ko kyautar za ta same shi. Duk wadda ta riƙe muƙami a makarantar kwana ta san irin wannan kyauta. Ranar ziyara sai ki ga ƙananan yara suna layi da dambun nama da cincin da madara, kowacce tana cewa Yaya ga shi in ji Ummata. Kafin a ba ki muƙamin wa ya san da ke? Duk ledar da kika karɓa, igiya ce aka ɗaura miki a harshe, ranar da mai ledar ta yi laifi za ki ji bakinki ya yi nauyi.

To me ya kamata in yi a daren nan? Don kada a ce na zo ina ta faɗa ban kawo mafita ba. Hanyoyi sun fi uku a gabana, ban duba ko ɗaya ba. Ina da naira 400 tawa ta kaina, da na ba ta ita, in bi ƙawayenmu mu harhaɗa sauran. Wannan ita ce karar da ta halatta gare ni. Ko in kama hannunta mu je wurin Malama a keɓe mu faɗa mata gaskiya, tunda ai don taimakon ɗalibai aka tara kuɗin, wataƙila da an ba ta rance a rubuce da izini. Ko in ce mata, ki yi haƙuri, ni ajiya aka ba ni, sai da sa hannun shugaba da sakatariyar kuɗi nake fitarwa. Kuma ko bayan na riga na yi kuskuren, da safen nan da Malama ta tambaye ni, da na ce Malama ina son magana da ke mu biyu, da asirin aminiyata bai fita tsakar ɗaki ba, da kuma ba a zazzage akwatin marainiyar Allah ba. Rufin asiri bai taɓa nufin a ɗauki laifin wata a jingina wa wadda ba ta ji ba ta gani ba. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayawa kan adalci da shaidar gaskiya ko da a kan kanmu ne, ko iyayenmu, ko danginmu. Aminiya ba ta fi iyaye ba.

Wannan ya kawo ni kan dokokin ƙungiya da yara ke gani kamar takura. Me ya sa ake raba mai ajiye kuɗi da mai rubuta kuɗi? Me ya sa ake cewa sai mutum biyu sun sa hannu? Me ya sa ake karanta lissafi a gaban taro ƙarshen zango? A da nakan ji haushi, in ce wato ba a yarda da ni ba ke nan. Yanzu na gane gata aka yi mini ban sani ba. Yarinya 'yar shekara 16 ba ta da ƙarfin zuciyar da za ta kalli aminiyarta ta ce na ƙi. Amma tana iya cewa ba ni kaɗai ke buɗewa ba, makulli ɗaya yana wurin wance. Doka bango ce da mai kunya za ta jingina da shi. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai ta sauka, mutanen da suka fi mu gaskiya nesa ba kusa ba. Saboda haka malamai da iyayen ƙungiya, don Allah ku daina danƙa wa yarinya ɗaya gwangwani da makulli ku juya baya kuna cewa ai 'yar gidan mutunci ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sauran labarin kuma ga shi. Bayan shekara 11 na haɗu da 'yar ɗakin nan tawa a wani gidan suna. Ta zama babbar mace, da goyonta. Ita ta fara gane ni, ta zo har ƙasa ta gaishe ni, "Yaya, ina wuni, ashe rai kan ga rai." Na rasa inda zan sa kaina. Da aka watse na ja ta gefe na faɗa mata komai, na ce ta yafe mini don girman Allah. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ai na sani. Daren nan ban yi barci ba, ina kallo kika ƙirga kika ba ta." Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Wa zai yarda da 'yar aji ɗaya a kan ma'aji? Kuma ke kika riƙe ni lokacin da ban san kowa ba. Na ji nauyinki." Ta ce ta yafe. Amma ta ƙara da cewa har yau in aka ce wani abu ya ɓace a wuri, ko a gidan mijinta ne, sai ta ji jikinta ya ɗauki rawa.

Kin ji wadda ta yi kara ta gaskiya, ta biya da fatar jikinta. Sai dai ba na fatan 'ya'yanmu su koyi irin wannan shirun. Abin da ya kamata shi ne kowace ƙungiya ta kasance da ƙofar da ƙaramar cikinsu za ta ƙwanƙwasa a saurare ta, ko da a kan shugaba take kawo ƙara.

Ke kuma uwargida da ke karanta wannan kina cewa ai ni na wuce makaranta, ki duba hannunki da kyau. Uwar adashi da ta ba ƙawarta kwasar da ba tata ba, ta ce wa mai kwasar ta ƙara haƙuri, gwangwanina ta buɗe. Wadda aka ba rabon kayan sadaka a unguwa ta fara da danginta, shi ne dai. Wadda ɗanta ya ɗauki kuɗin cefane ta sani, ta bari aka doki yarinyar aiki ko almajirin gida, wannan kam ni ce sak a gaban Malama. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, abin da yarinya ta saba yi da naira 20 ta 'yan ajinsu shi za ta yi da dukiyar marayu in ta girma.

Da 'yar yayata ta dawo washegari, na zaunar da ita na ba ta wannan labari tun daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Na saya mata littafi mai bango mai ƙarfi da biro. Na ce duk abin da ya shiga ki rubuta, duk abin da ya fita ki rubuta, kada ki taɓa ƙirga kuɗi ke kaɗai, kuma tun yau ki tara ƙawayenki ki faɗa musu cewa kuɗin aljihunki nasu ne, na ƙungiya kuwa ko ke ba naki ba ne. Ta ce, "Anti, in suka yi fushi fa?" Na ce za su yi, wata ma za ta daina yi miki magana. Wannan fushin shi ne kuɗin da ke za ki biya, kuma gara ke ki biya shi da a cire daga jikin wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuri'a, Ya yafe mana haƙƙin mutane da muka sani da wanda muka manta. Wadda kuma ta san akwai wata da take bin ta irin wannan bashi, ta neme ta tun suna raye su biyun.